Zamanin da kati ke ƙarewa

A watan Agustan 2001 wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya, bayan MTN da Econet kowanne ya biya dala miliyan 285 kuɗin lasisi. Layi kaɗai ya kai naira 20,000, kira kuwa naira 50 ne minti ɗaya, ko da sallama kawai ka yi layin ya yanke. Bahaushe, wanda gaisuwarsa ba ta cika sai ya tambayi gajiya da iyali da labarin ruwa, dole ta koya masa taƙaita zance. "Ina tasha, turo yaro," sai ƙit. Wanda ba shi da kati ya yi filashin, wanda ba shi da waya ya je wurin masu lema a bakin titi, yana magana idonsa na kan agogo.

Ba cewa nake zamanin ya fi daɗi ba, tsada ba abin kewa ba ce. Abin da nake tunawa shi ne komai na wayar wancan lokaci yana da ƙarshe. Kati ya ƙare, caji ya ƙare, macijin nan na Nokia ya ciji jelarsa wasa ya tashi. Aljihu da NEPA su ke yi mana tarbiyya, mu kuwa muna zaton halin kirkinmu ne.

Glo ya zo a 2003 da lissafin sakan-sakan. Sai kuma kiran dare kyauta, daga bayan sha biyu zuwa gabanin asuba, kuma a nan ne waya ta fara cin barcin samari da 'yan mata, ɗalibai na gyangyaɗi a aji malamai na zargin zazzaɓi. 2go da BlackBerry suka yi tashensu suka wuce, Tecno ta sa babbar waya a hannun ɗan acaɓa da mai shayi.

Babban canjin dai ba a kasuwarmu aka yi shi ba. A 2006 wani injiniya a Amurka, Aza Raskin, ya ƙirƙiro shafin da ba shi da ƙasa, kana ja sabon abu na fitowa, kuma daga baya ya fito fili ya nuna nadamarsa. Aka ƙara da bidiyon da ke kunna kansa da zarar na gabansa ya ƙare. Kamar kwanon tuwo ne da ake ƙara maka malmala ba ka gani ba. Yaushe za ka ce ka ƙoshi? Kamfanonin da ke amfani da dabarun nan da talla suke cin abinci, don haka kowane minti da ka ƙara a TikTok ko Facebook riba ce a wurinsu. Da can kai ke biya don ka daɗe, shi ya sa kake sauri. Yanzu daɗewarka ake sayarwa.

Mun iya ɗora wa yara laifi. To amma a leƙa majalisar dattawa bayan isha'i, ko zaman makoki, a ƙirga kawunan da ke sunkuye. Kuma ba a ce a jefar da waya ba: ɗan Kantin Kwari da WhatsApp yake tallan atamfa, mai hatsi da ita yake jin farashin Dawanau kafin ya yi lodi.

Tun 2018 Apple da Google suka sa wa wayoyi ma'aunin awannin da mutum ke ɓatawa a kowace manhaja, ana kuma iya yanka mata iyaka ta rufe kanta. Wanda ya duba nasa karon farko yakan yi salati. Sai dai ma'auni ba ya hana komai, maɓallin ƙarin lokaci na nan kusa da yatsa. Na fi yarda da iyakar da ke da ɗan wahalar karyawa: a kashe ƙarar guruf-guruf, a bar caja a falo kada ta shiga ɗakin kwana, a sayi data ta mako, idan ta ƙare ranar Alhamis a haƙura sai Asabar. Wasu 'yan kasuwa ma waya biyu suke riƙewa, babbar ta kwana a shago, su koma gida da ƙaramar mai tocila, wadda duk mai neman su da gaske zai same su a kanta.