Baƙin Da Ke Sauko Mana Daga Taurari

Manomin da ke bakin Gulbin Rima a Sabon Birni ya san damina daga gabas take taso masa, hunturu kuwa daga arewa maso gabas. To, akwai wani yayyafi da ba ya jiƙa tufa, ba ya jiran damina, wanda ke zuba a kan Gobir dare da rana. Waɗansu ƙwayoyi ne, ƙanana ƙwarai, masu gudu kusa da gudun haske, da ke fitowa daga can cikin taurari. In sun bugi iskar sama sai su farfashe, ɓarɓashinsu ya iso ƙasa. Kusan kowane sakan guda ɗaya na ratsa tafin hannun mutum, bai sani ba.

Wani Bature mutumin Ostiriya, Victor Hess, shi ya tabbatar daga sama suke, da ya hau balan-balan a 1912 har ya wuce mita 5,000.

Abin mamaki shi ne hanyarsu. Maganaɗisun da ke tsakanin taurari yana ta karkatar da su shekaru miliyoyi, har sawunsu ya ɓace, su iso kusan daidai ta kowace nahiya. Bambancin bai wuce kamar ɗaya cikin dubu ba. Amma da sun kusato duniya sai maganaɗisunta ya tace su, musamman a ƙasashe irin namu na kusa da tsakiyarta, inda masu ƙarfi kaɗai ke samun wucewa. Su ma sun fi shigowa ta yamma. An gwada haka a Meziko a 1933, Bruno Rossi kuma ya gwada a Asmara. Watau mai fuskantar alƙibla a Isa, sun fi zuwa masa ta baya.

Sai batun ƙarfi. Tun da kullum suna tsiyayewa daga wannan garke na taurari da muke ciki, tilas akwai abin da ke mayar da gurbinsu. A 1934 Baade da Zwicky suka ce fashewar manyan taurari ce. Irin wannan fashewa kamar sau biyu ko uku take aukuwa a shekara 100, kuma ushirin ƙarfinta ya isa, lissafin da ni dai na ga ya zauna. A 2013 tauraron ɗan'adam mai suna Fermi ya ga alamar haka a kufan taurari biyu, IC 443 da W44.