Abokin Tarayya Ya Rasu, Lambar Haraji Tana Nan



Mun sha gani a nan Jugu, mutum biyu ko uku su haɗa jari, wannan yana saye a karar Kolokonde, wancan yana bin mota ta Paraku da Nikki har Ilesha Baruba ko Ibadan, shekara da shekaru babu takarda tsakaninsu sai amana. Amanar ba laifi. Amma fa ofishin haraji sunan mutum ɗaya ya sani, wato wanda ya yanki lambar IFU, wanda yake biyan harajin TPS na masu cinikin da bai wuce sefa miliyan 50 a shekara ba. Mu faɗi gaskiya ma, mai loda tirela a kai a kai ya wuce nan tuni.

To, ran da ta Allah ta kasance ga mai lambar, me muke yi? Sai wanda ya rage ya ci gaba da harka da takardun mamaci, wai ai takarda ce kawai. Kowace mota ya ɗaga, sunan marigayi aka rubuta, harajinta da tararta kuwa a wuyan marayu suke taruwa. Shi kansa bai tsira ba, domin a idon hukuma rabin jarinsa ya shige cikin dukiyar gado. In kuma wanda ba shi da lamba ne ya rasu, 'ya'yansa ba su da abin nunawa sai tsoron Allah na abokin ubansu.

Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Benin da Nijar da Togo suka sa wa hannu tun 1993, ba ta bar maganar a duhu ba. Tarayyar da kowa ke ɗauke da bashin kowa tana ƙarewa da mutuwar ɗaya, sai in an rubuta tun farko cewa za ta ci gaba. Irin tamu ta baka, in alƙali ya tabbatar da ita, hukuncin nan ne zai hau kanta. Wanda kuma yake cikin rajistar 'yan kasuwa, magadansa wata uku gare su su soke sunansa ko su gyara. Nijeriya ba ta cikin wannan yarjejeniya, saboda haka kada abin da aka gaya maka a Ibadan ya ruɗe ka a Jugu.

Malamanmu ma haka suka karantar da mu: mutuwa tana raba tarayya, kuma bashi ake fara biya kafin a raba gado. Harajin watannin da marigayi ya yi ciniki bashi ne.

Abin da ke hana mu, kunya. Wai kada a ce ana makoki muna lissafi. Alhali saniya ba ta jiran arba'in, tana ci, tana ramewa, naira tana hawa tana sauka, mahautan da suka ɗauki kaya bashi suna mantuwa. Wanda ya ga rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya san yadda 'yan watanni ke cinye jari.

Shawararmu ga shugabannin ƙungiya ita ce, da an yi sadakar uku, a tura dattawa biyu tare da wakilin magada, a ƙirga shanu, a yi musu kuɗi a farashin ranar, a rubuta bashin da ake bi da wanda ake bin su, kowa ya sa hannu. Daga nan a karɓi takardar mutuwa a ofishin magajin gari, a kai ofishin haraji, a bayyana cinikin da aka yi daga Janairu zuwa ranar rasuwa, a biya. Wanda ya rage ya yanki lambarsa, yanzu har ta intanet ana nemanta. In magada suna son ci gaba, sabuwar tarayya ce, wannan karon a rubuce, kwafi ɗaya a hannun sakataren ƙungiya.