Kira Ga Malamai Da Attajiran Abakwa

Maganarmu ta yau a kan Abakwa ce, unguwar nan ta Kaduna da ke arewa da kogi, maƙwabciyar Unguwar Shanu da Unguwar Kanawa, wadda ake rubuta sunanta Abakpa a takardun gwamnati. Nufinmu mu duba asalinta da yawan jama'arta, sa'an nan mu tambayi kanmu wa ke da alhakin karatun 'ya'yanta.

Kowa ya san Kaduna ba tsohon birni ba ce kamar Kano ko Zazzau, ba ta da ganuwa. Gwamna Lugga ne ya zaɓi wurin saboda ruwa da hanyar jirgin ƙasa. Aka fara kawo soja daga Zungeru, kana a 1917 aka maido hedkwatar Arewa nan. Soja kuwa ba ya zama shi kaɗai. Duk inda ya kafa bariki sai mahauci ya biyo shi, da ɗan koli, da maɗinki, da mai tuwo, da malamin da zai ja salla. Haka unguwannin gefen bariki suka tashi. Sunan ma kansa na zangon baƙi ne, gama a ƙasar Binuwai da Kamaru da shi ake kiran Hausawa da mazauninsu. A Wukari akwai Abakwariga, garin Bamenda kuwa har yau ana yi masa laƙabi da Abakwa.

Game da yawan jama'a, ƙidayar 1963 ta sami mutum wajen 150,000 a Kaduna duka. A ƙidayar 2006 Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa kaɗai ta haura 350,000. A tsakani an yi rikicin shekarar 2000, wanda ya sa mutane da yawa suka sauya unguwa, waɗansu suka haye kudu da kogi, waɗansu suka dawo arewa. Tun 2006 ba a sake ƙidaya ba. Yaron da aka raɗa wa suna a shekarar nan yau ya isa aure. To, da wane lissafi za a san azuzuwan da unguwa ke bukata?

Abin mamaki, Kaduna ba ta taɓa rasa manyan makarantu ba. Kwalejin Katsina ta zauna nan daga 1938 zuwa 1949 kafin ta koma Zariya. A 1956 aka buɗe makarantar koyon sana'a wadda ta zama Foliteknik a 1968. A 1964 aka kafa makarantar horad da hafsoshin soja, tsohon mazauninta kuwa ba shi da nisa da Abakwa. Amma maƙwabtaka ba ta shigar da yaro. Sai da takardar sakandare, ita kuma ba ta samuwa sai tushen firamare ya yi ƙarfi. Gwamnati ta yi shelar firamare kyauta tun 1976, amma a 2017 da Jihar Kaduna ta jarraba malaman firamare, fiye da 21,000 suka faɗi. Wannan ya isa ishara cewa shela dabam, karatu dabam.

Na san waɗansu malamai za su ce boko na ɗauke wa yaro lokacin allo, yana kuma rage masa ladabi. Tsoron nan yana da dalili, ba mu raina shi ba. Amma ku tuna da 2020, lokacin annobar korona, da gwamnonin Arewa suka yi ta kwasar almajirai a motoci ana mai da su garuruwansu. Wanda bai tsara makarantarsa da hannunsa ba, wata rana wani zai tsara masa, ba kuwa da shawararsa ba.

Saboda haka ga shawara uku. Ta farko, kowane malami mai makarantar allo ya buɗe littafi, ya rubuta sunan kowane yaro, da na ubansa, da shekarunsa, da ko yana zuwa boko. In aka tara littattafan nan wurin mai unguwa, Abakwa ta yi ƙidayar kanta, ta sami hujjar neman ƙarin aji. Ta biyu, a raba yini da adalci: asuba da bayan la'asar na allo, hantsi na boko, 'ya'ya mata da maza duka. Ta uku, ku attajirai da 'yan kasuwa, ku kafa asusu na wata-wata domin biyan malaman allo, don kada yaro ya fita bara. A rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita, a karanta a bainar jama'a, gama kuɗin da ba lissafi shi ke raba 'yan'uwa.

Fatake da malamai ne suka raya zangunan Hausawa tun daga Gwanja har Kamaru, wannan ya kawo dukiya, wancan ya kawo karatu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, icce kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke wuyanmu. Haza wasalam.