Hanyar fadama daga ƙasa take lalacewa

Duk mai bin ƙauyukan Gaya da Ajingi da damina ya san inda kwalta ke fara mutuwa: daidai inda hanya ta gangara fadama. A kan tudu sai ta yi shekara da shekaru lafiya lau. Da an shiga laka kuwa, za ka ga ta tsage, gefenta ya zabtare, tayoyin manyan motoci sun yi mata kwari biyu. Laka tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke ta daddare da rani. Marmarar da aka yi ciko da ita, duk motar yashi da ta wuce sai ta ƙara cusa ta cikin taɓo. Mutanen Borno sun san wannan a ƙasar firgi, tsakanin Dikwa da Gamboru.

A Alaska da arewacin Kanada ma ƙasa ba ta tsaya wa hanya. Tasu daskararriya ce, zafi na narkar da ita, titi ya lotsa. Cikin dabarun injiniyoyinsu akwai shimfiɗar roba. Kafin a zuba ciko, sai a baza wani ƙyalle mai kauri da aka saƙa da zaren roba, kamar buhun taki amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ruwa na ratsa shi, laka ba ta ratsawa, don haka tsakuwa ba ta cakuɗuwa da taɓo. A samansa akan ɗora ragar roba da ke riƙe tsakuwar, ta rarraba nauyin mota.

Mu ma wannan dabara za ta yi mana amfani, amma ba na cewa a shimfiɗa robar daga Wudil har Shuwarin. Kuɗi ne, kuma tudu bai buƙace ta ba. Amma gajerun wuraren nan na bakin Kogin Haɗeja, inda manomin shinkafa ke sauke buhunansa daga mota ya ɗora wa amalanke, sun cancanci a kashe musu. Kuma roba ba ta maye gurbin kwalbati. Ruwan da bai sami mafita ba zai yanke hanya ko da me aka shimfiɗa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ranar buɗe hanya baƙin kwalta kawai muke tafa wa. Ina so kansilolinmu da masu unguwanni su je tun ana ciko, su tambayi ɗan kwangila: an gwada ƙasar nan? Me za a sa tsakanin laka da marmara? Su nemi a nuna musu a takardar aikin kafin a zuba kwalta.