Zauren Uwargida: Ki San Abin Da Ake Tura Miki A Waya



Wata ɗalibata a ajin matan aure nan Basirka ta zo mini da kuka. Ta kai wayarta shagon caji, wani yaro ya tura mata manhajar bashi daga tasa wayar. Wayar ta yi gargaɗi, ya danne ya wuce. Ta ci bashin, ta makara wajen biya, sai ga saƙon cin mutunci ya isa ga surukanta, domin manhajar ta kwashe lambobin wayarta kaf.

'Yar uwa, wannan gargaɗin mai gadin ƙofarki ne. Manhajar Play Store ana bincika ta, ta waje kuwa babu mai tsaya mata. A 2023 hukumar FCCPC ta yi kashedi cewa wasu masu ba da bashi da aka cire daga Play Store suna dawowa ta bayan gida. A 2025 kuma Google ya sanar zai wajabta tantance masu ƙirƙirar manhaja, har na waje.

Bashin ruwa haramun ne, lambobin dangi kuwa amana ce. Idan waya ta ce a'a, ki bar ta a haka.

Allah Ya rufa mana asiri, amin. Sai wata mai zuwa.