Mutum-mutumi Mai Aiki

Mutum-mutumi inji ne da ake tsara wa aiki, ya riƙa yi shi kaɗai. A shekarar 1961 aka fara sa irinsa aiki a masana'antar motoci ta General Motors, can Amurka. Hannu ɗaya gare shi, aikinsa ɗauko ƙarfe mai zafi. Yanzu kuwa akwai mai sharar ɗaki, akwai mai taimakon likita wajen fiɗa, har akwai wanda ya sauka duniyar Mas a 2021.

Wannan abin murna ne, gama gara inji ya ƙone da mutum ya ƙone. Amma fa akwai abin lura. Aikin da ake maimaitawa kullum ba tunani, shi inji ya fi saurin ƙwacewa, don ba ya gajiya, ba ya neman lada. To, wanda bai iya kome ba sai wannan, ina zai sami abinci?

Duk da haka, in inji ya lalace, sai mai ilmi ya gyara shi. Saboda haka yaron da ya dage ga lissafi da kimiyya, shi ne ubangidan inji gobe. Wanda ya yi wasa kuwa, inji ya ture shi.