Kafin Ku Tura Kuɗin Keke Mai Caji, Ku Zo Ku Ga Nawa

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke nan Ibadan. Tun shekaranjiya nake kallon abin da ake yi a guruf ɗinmu. Mutum goma sha ɗaya sun rubuta suna za a haɗa kuɗi a yo odar keke mai caji, wai idan aka ɗauka da yawa dila zai yi ragi. Na ga hoton da aka turo, baƙi mai faɗin taya, an rubuta 1000W ɓaro-ɓaro a jikinsa. Sau ɗaya na tofa albarkacin bakina, wani ƙanina ya ce, "Yaya, kai dai ba ka son ci gaba." To shi ya sa na fito nan in yi maganar da tsawo. Wanda zai ji haushi ya ji.

Ni ba na gaba da keke mai caji. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce an cire tallafin mai, kowa ya san yadda muke. Litar da ba ta kai naira 200 ba sai da ta taɓa dubu kafin ƙarshen 2024, kuɗin Micra da na okada suka bi ta. Duk wanda ya nemi mafita ya yi tunani. Abin da nake faɗa da shi shi ne wannan tambayar da muka riƙe kamar karatu: "Wat nawa ne?" Ita ta cinye min kuɗi.

Bara na sayi irin wannan keken sak. Kuɗin da na ware don gwaje-gwajen bincikena na taɓa, da lissafin cewa abin da zan rage na mota zai mayar min da su cikin wata shida. A Sabo nake zaune wurin kawuna, kullum ta Sango nake bi zuwa makaranta. Sati shida abin gwanin daɗi, har ina yi wa masu jiran Micra murmushi. A sati na bakwai, da rana tsaka, ina hawa tudu a hankali cikin cunkoso da jaka a baya, sai na ji ƙaurin waya. Shi ke nan. Na turo shi har gida, sai ka ce wani ne ke riƙe da tayar baya. Bakanike uku na kai wa, kowa ya leƙa ya ce ba layinsa ba ne. Wanda ya sayar min ya ce ni na fiye lodi. Zango guda na yi ban kai wa malamina sakamakon komai ba. Keken yana nan ƙarƙashin bene, ƙura ta rufe shi.

Sai bayan ɓarna na zauna na koyi abin da ya kamata in sani tun farko. Injin keke mai caji iri uku ne, kuma kowanne da hanyarsa.

Na farko shi ne babban inji mai faɗi da ke tsakiyar taya, wanda babu giya a cikinsa. Juyinsa ɗaya, juyin taya ɗaya. Ba shi da ƙara, babu abin da ke cinyewa a ciki, yana daɗewa. Amma nauyi gare shi, kuma sai ya ɗauki gudu yake aiki da kyau. Idan ka matsa masa a kan tudu yana tafiya a hankali, wutar da yake zuƙa zafi take komawa, har ta ƙone waya ko kwantirola. Idan caji ya ƙare kuwa, maganaɗisun da ke ciki ne zai riƙa ja maka baya kana taka feda. Shi na saya, kuma shi ne a hoton guruf. A Kano ko Maiduguri, inda ƙasa take shimfiɗe, da wataƙila har yau ina kansa. Ibadan kuwa gari ne na tuddai, kowa ya san Mapo da Mokola.

Na biyu shi ma a cikin taya yake, amma ƙarami ne, da ƙananan giya a ciki. Injin kan juya kamar sau biyar kafin taya ta juya sau ɗaya, don haka ya fi ƙarfin tashi da hawa ko da lambar da aka rubuta masa 350W ce ko 500W. Ba shi da nauyi, kuma idan wuta ta ƙare keke ne kawai, ka taka ka tafi. Aibinsa, haƙoran giyar galibi na roba ne mai tauri, suna cinyewa, amma ana cire su a sa sababbi.

Na uku yana tsakiyar keke, wurin feda. Sarƙa yake ja, don haka idan ka sauke giya a tudu shi ma ya samu sauƙi. Wajen hawa babu kamarsa, irinsa ne su Bosch da Shimano suka yi suna da shi, Bafang ma na yi.

A nan ne zan juyo kan ɗaya ɓangaren, 'yan uwanmu da suka kwana a YouTube suka tashi suna cewa in ba na tsakiya ba a bar shi. Malamai, Baturen da kuke kallo akwai shagon gyara a bayan gidansa. Injin tsakiya ya fi tsada, yana cin sarƙa da haƙoran giyar baya da wuri, kuma ranar da sarƙa ta tsinke maka a hanyar Ojoo, inji da feda duk sun tashi aiki. Mai inji a taya, in yana da totur, ko babu sarƙa zai kai gida. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin hoto-kwafi ba ya sayen abin da gyaransa sai an jira kaya daga Legas ko Chaina. Ra'ayina ke nan ƙarara: ga aljihunmu da wannan garin, ƙaramin inji mai giya a taya ya fi mana, da sharaɗin za mu taimaka masa da feda a tudu.

Ita kuwa 1000W ɗin da ke ruɗar mu, sau da yawa ƙololuwar abin da injin zai iya na ɗan lokaci ake rubutawa, ba abin da zai jure yini guda ba. A ƙasashen Tarayyar Turai, keken da doka ta ɗauka a matsayin keke 250W ne, inji ya daina taimako a kilomita 25 cikin awa, kuma da shi mutane ke zuwa aiki kullum.

Sannan babu wanda na ji ya tambayi batir, alhali shi ne mafi tsada a jikin keken. Lissafin ba wuya. Ka ninka lambar V da lambar Ah. Batir mai 48V da 13Ah ya ba ka 624, wato bai kai yunit ɗaya na mita ba. Ko a kuɗin Band A da aka kai naira 225 a Afrilun 2024, cika shi ba zai wuce naira 200 ba. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne ribar abin. Amma a hanya mai tudu irin tamu, kilomita 40 ko ƙasa da haka za ka samu. Duk wanda ya ce maka 100, tambaye shi a wace hanya, da wa a kai. Ka tambaya kuma lithiyam ne ko na dalma irin na inbata. Na dalma ya fi arha, amma huɗu ake jerawa, nauyinsu ya ninka na lithiyam sau uku zuwa huɗu, kuma sun fi saurin mutuwa. In an ce lithiyam ne, sabo ne ko tsofaffin batiran kwamfuta aka harhaɗa aka naɗe da baƙar leda? Irin waɗannan ne ke kama wuta. Mu da muke kwana mutum uku a ɗaki ɗaya mai ƙofa ɗaya, wa ya yi tunanin inda za a riƙa caji idan an kawo wuta ƙarfe biyun dare kowa na barci?

Shugaba, da girmamawa, ina roƙon a dakatar da tura kuɗin nan. A ce wa dila ya kawo guda ɗaya ranar Asabar. Mu ɗora wanda ya fi kowa jiki a cikinmu, da jakarsa, ya hau tudun Mokola a hankali sau biyu da rana, sannan mu taɓa injin da hannu. Ya faɗa mana irin injin da irin batirin a rubuce. Ya nuna mana mai gyara a cikin garin nan, mu je mu gan shi da idonmu. Ya gaya mana abin da zai faru idan ruwa ya shiga, don damina a nan ba irin ta gida ba ce. In ya ƙi ko ɗaya daga cikin waɗannan, ya riƙe raginsa.

Yawancin kuɗin nan ba namu ba ne. Wani mahaifinsa ya sayar da hatsi, wata mijinta ne ya ci bashi a wurin aiki. Ƙanina da ya ce ba na son ci gaba, ka zo Sabo bayan la'asar, in nuna maka nawa, mu sha shayi. Allah ya sa mu gama karatun nan lafiya.